Takardar Ɗaukar Aiki: Abin Da Ya Raba Ma'aikatan Najeriya Gida Biyu

A watan Yuni na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga, 'yan sanda a Kano suka shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke rukunin masana'antu na Challawa, suka fito da ma'aikata fiye da 100. Mutanen sun ce tun ƙarshen watan Maris suke ciki, an garƙame ƙofa, ba mai fita ganin iyalinsa, kuma an faɗa musu cewa duk wanda ya fita to ya bar aiki ke nan. Labarin ya tayar da hankalin jama'a na 'yan kwanaki, sannan ya bi sahun sauran labarai. Abin da ba a tsaya a kai ba shi ne dalilin da zai sa magidanta masu hankali su haƙura da irin wannan zama har wata uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sun san akwai wasu ɗaruruwa a bakin ƙofa da ke jiran gurbinsu, kuma sun san in aka kore su babu wanda zai tambayi ba'asi.

Ga shi kuwa Najeriya ba ta rasa dokokin kare ma'aikaci ba. Tana da su, wasunsu ma sun girmi yawancin masu aikin.

Abin da doka ta ce

Uwar dokokin ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda aka kafa a zamanin Janar Yakubu Gowon kuma har yau da ita ake aiki. Sashe na 7 ya wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takarda a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki. A cikinta za a rubuta sunan mai ɗaukar aikin da na ma'aikacin, da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da awannin aiki, da hutu, da yadda za a rabu idan rabuwa ta zo. Rabuwar ma tana da ƙa'ida. Wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ce haƙƙinsa. Daga nan zuwa shekara biyu, mako guda. Daga shekara biyu zuwa biyar, mako biyu. Wanda ya kai shekara biyar, sai an ba shi wata guda cur, ko a biya shi kuɗin wannan lokacin.

Akwai hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki ga wanda ya cika wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da biya idan likita ya tabbatar, da hutun yini ɗaya a kowane mako. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashinta muddin ta yi wata shida a wurin, sannan idan ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Waɗannan su ne mafi ƙaranci. Gwamnatin tarayya ta kai hutun haihuwa na ma'aikatanta mako 16, ta kuma ba maza kwana 14 idan matansu sun haihu. Jihar Kaduna ta kai na ma'aikatanta mata wata shida a 2019.

Sai dokar da mutane suka fi jahilta, alhali ita ce ta fi taɓa rayuwa: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Idan inji ya datse wa mutum yatsu, ko ƙurar auduga ta lalata masa huhu, ko ya yi hatsari a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki, asusun ne zai ɗauki nauyin jinya da diyya. Idan ya rasu ta dalilin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, dokar ta tanadi a riƙa biyan iyalin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zagayawa da kwali a unguwa don tara wa birkilan da ya faɗo daga bene kuɗin asibiti zai gane girman wannan tanadi, zai kuma gane cewa bai taɓa isa ga birkilan ba.

To, me zai sami wanda ya ƙi ba ma'aikacinsa takarda? Tarar da dokar 1974 ta yanka a karon farko ba ta wuce naira 800 ba. A lokacin da aka rubuta ta, wannan kuɗi ya fi albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci. A ƙarshen 2024 bai kai kuɗin litar fetur ba.

Su wa ke ƙarƙashin inuwar?

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna wajen wannan tsari gaba ɗaya. Manoma ne, da 'yan kasuwa, da teloli, da makanikai, da 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da matan da ke ƙulla sana'a a cikin gida, da direban adaidaita sahu da ke fita da asuba ya fara neman balas ɗin mai keke kafin ya nemi na cefane. Masu karɓar albashi a hannun wani ba su kai kashi 20 ba, kuma ko a cikinsu da yawa ba su da takarda.

Wannan ne ya sa alƙaluman rashin aikin yi suke ruɗa mutane. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 ba su da aiki. A farkon 2023 sai ta ce kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'aunin aka sauya: yanzu duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki, kamar yadda ake yi a ƙasashe da yawa. Mutane sun yi ta ba'a, amma sabon lissafin ya faɗi wata gaskiya. A ƙasar da babu wanda ke biyan marar aiki alawus, talaka ba shi da halin zama ba aiki. Dole ya fita ya yi wani abu. Matsalar ƙasar ba ta zaman banza ba ce, ta aikin da ba ya tsare mai yinsa ce a ranar da ciwo ko tsufa ko kora suka zo.

Babu ɗaya daga cikin haƙƙoƙin da doka ta ba ma'aikaci da aka bayar kyauta. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati, ƙarƙashin Michael Imoudu, sun ajiye aiki kusan wata ɗaya da rabi suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa a ƙarshe-ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. An kafa ƙungiyar ƙwadago ta NLC a 1978 da Hassan Sunmonu a matsayin shugabanta na farko, kuma yajin aikin da ta kira a watan Mayu na 1981 ne ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, naira 125, a mulkin Shehu Shagari. Hutun ranar ma'aikata ma daga Arewa ya faro. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ce ta ayyana 1 ga Mayu a matsayin ranar hutu a 1980, kafin tarayya ta bi sahu a shekarar da ta biyo.

Darasin Kakuri

In ana son ganin yadda aikin ƙa'ida yake idan ya zauna da gindinsa a Arewa, sai a waiwayi unguwar Kakuri ta Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Daga baya UNTL da Arewa Textiles da Nortex da wasu suka biyo. A shekarun 1970 da 1980 dubun-dubatar mutane ne ke shiga da fita a sauyin aiki uku, safe da yamma da dare. Suna da lambar aiki, da asibitin kamfani, da kuɗin ƙarin lokaci, da garatuti. Kan wannan albashi mai zuwa a kan kari aka gina gidajen haya, masu abinci suka kafa rumfuna, mai shago ya ba da bashi ba fargaba domin ya san ranar biya.

Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta zama ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a ƙasar. A can Adams Oshiomhole ya taso, daga ma'aikacin Arewa Textiles zuwa babban sakataren ƙungiyar, zuwa shugaban NLC a 1999, zuwa gwamnan Edo. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna nazarin masaƙun Kaduna da na Kano, suka kuma ga bambanci mai ban sha'awa. A Kaduna manyan kamfanoni ne, kuma ƙungiya da ma'aikata suna zama da shugabanni a yi yarjejeniya a rubuce. A Kano masaƙun sun fi ƙanƙanta, na 'yan kasuwa ne da iyalai, ana ɗaukar aiki ta hanyar sanayya, kuma masu su sun daɗe suna turjiya kafin su bar ƙungiya ta shiga. Dokar ƙasa ɗaya ce a garuruwan biyu. Abin da ya bambanta shi ne ko akwai wanda zai tilasta a bi ta.

Sai dai Kakuri ta koyar da wani darasin mai ɗaci. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri mai araha sun haɗu sun durƙusar da masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ma'aikatan KTL sun fita ba a biya su haƙƙoƙinsu na sallama ba, duk da cewa masaƙar mallakar jihohin Arewa 19 ce. Sun yi shekaru suna zanga-zanga, suna kai kuka taron gwamnoni, kuma ƙungiyoyinsu sun sha bayyana cewa da yawa sun rasu suna jira. Waɗannan mutane ne masu takarda, masu ƙungiya, masu yarjejeniya. Kuskuren tsarin shi ne kuɗin sallamarsu yana cikin aljihun kamfanin da ya mutu.

Irin wannan ne dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta zo ta gyara. Maimakon alkawarin da za a cika bayan shekara 35, sai aka ce a ware kuɗin duk wata: kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a hannun wani kamfanin fansho daban, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Ko kamfani ya rushe, kuɗin na nan. Ko mutum ya sauya wurin aiki, asusunsa na biye da shi. Idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara. Ta hau kan kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10, adadi mai kyau a ido har sai an tuna cewa mutanen ƙasar sun wuce miliyan 200.

Tsohon tsarin kuwa, inda gwamnati ke biya daga baitulmali, shi ne ya haifar da hotunan da kowa ya sani: tsofaffi a layin tantancewa da fayil a hammata, wasu na faɗuwa saboda rana. Shi ne kuma ya ba da kafar satar da ta kai Abdulrasheed Maina, mutumin da aka ɗora wa aikin tsaftace harkar fansho, gidan yari a 2021 bisa hukuncin shekara takwas. Jihohi da yawa har yau ba su shiga sabon tsarin sosai ba. Gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da kuɗin mamatan ma'aikata na fiye da naira biliyan 48. Jigawa, wadda ta kafa nata asusun na haɗaka tun 2001, ta daɗe ana ba da misali da ita wajen biya a kan lokaci. Sabon tsarin shi ma yana da nasa ƙorafin, domin hauhawar farashi na cinye darajar ajiyar, kuma 'yan sanda da suka yi ritaya sun sha fitowa titi suna neman a fitar da su daga cikinsa saboda ƙanƙantar abin da ke zuwa musu a wata.

Naira 70,000

Babu batun ƙwadago da ke cika gidajen rediyo kamar mafi ƙarancin albashi. Daga naira 125 a 1981, ya koma 5,500 a 2000, sai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a tsakiyar 2024. Ƙungiyoyin NLC da TUC suka fara da neman naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi yajin aikin da ya kashe wutar ƙasa baki ɗaya a ranar 3 ga Yuni, daga ƙarshe aka tsaya a 70,000 a watan Yuli, da sharaɗin sake dubawa duk shekara uku maimakon biyar. Kano ta ce za ta biya 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000.

Lambar ta ƙaru sau 560, darajarta ta ragu. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200. Naira 70,000 a ranar da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba, kuma a wannan shekarar buhun shinkafa ya fi ta tsada. A maƙwabciya Nijar, inda aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, ƙaramin ma'aikaci a Maraɗi ya fi takwaransa na Katsina a lissafin dala, abin da dattawan da suka ga zamanin ƙarin albashi na Udoji ba za su taɓa zato ba. Dokar Nijar, wadda ta gaji salon Faransa, ta ba mai jego mako 14, kuma asusun CNSS na biyan ma'aikaci mai rajista kuɗin tallafin 'ya'ya. Amma can ma masu rajistar 'yan ƙalilan ne.

Sannan dokar Najeriya da kanta ta cire wasu. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin wucin gadi na 'yan awanni, ko waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, ko masu aikin gona na kaka. Wato malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da mai zuba mai a gidan mai, da mai gadin shago, da yarinyar da ke zaune a rumfar POS, yawancinsu ba da su ake ba. Gwamnatoci ma ba sa bi. Zamfara ba ta fara biyan 30,000 na 2019 ba sai a tsakiyar 2024, ana dab da maye gurbinsa. A 2015 jihohi da yawa sun tara bashin albashi na watanni har sai da gwamnatin Buhari ta ba su rancen ceto. Idan mai kafa doka shi ne kan gaba wajen karya ta, da wane baki jami'in ma'aikatar ƙwadago zai tsare mai kamfani a rukunin masana'antu na Sharaɗa?

Ma'aikacin da ba na kowa ba

Hanyar da manyan kamfanoni suka fi bi wajen kauce wa doka ba karya ta ba ce kai tsaye, zagaye ta ake yi. Mutum zai shiga banki ya tarar da matashiya a kan kanta sanye da kayan bankin, tana ƙirga miliyoyi, amma a takarda ba ma'aikaciyar bankin ba ce. Wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke ta ya turo ta. Albashinta bai kai na abokiyar zamanta da ke aiki iri ɗaya ba, ba ta da ƙarin girma, ba ta cikin ƙungiya, kuma ranar da aka gaji da ita saƙon waya ya isa. Haka abin yake a kamfanonin sadarwa da na mai. A masana'antu kuwa, ana ɗaukar leburori a bakin ƙofa kullum safiya, ko a sallame su kafin wata uku ya cika a sake ɗaukarsu a matsayin sababbi. Akwai wanda zai shekara goma a haka yana sabon ma'aikaci.

Adalci ne a ji ta bakin mai kamfani. A kan albashin 70,000, kashi 10 na fansho naira 7,000 ne, na NSITF 700, ga inshorar rai, ga inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta, ga hutu da za a biya ba a yi aiki ba. Mutumin da ke sayen dizal don kunna inji, wanda aka ninka wa kuɗin wuta fiye da sau uku a watan Afrilu na 2024 idan yana rukunin farko na masu amfani da wuta, wanda kuma abokin gasarsa ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan kuma ba abin da ya same shi, zai ga bin doka tamkar hukunta kai ne. Wannan hujja ce ta gaske. Sai dai ba hujjar sassauta doka ba ce, hujjar a bi da kowa ce. Kuma tana da iyaka. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata gommai suka ƙone domin an kulle su ta waje. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana toshe hanyar fita, ta kuma tanadi masu duba wuraren aiki. Masu dubawar ne ba su da yawa, ba su da motoci, kuma mai kamfani ya fi su ƙarfi.

Ƙasar Hausa tana da nata tsarin tun kafin zuwan Bature, kuma har yau shi ke riƙe da mutane fiye da na gwamnati. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, yaro zai zauna da maigida shekaru, ana ba shi na abinci da na kashewa, in ya yi ciwo a kai shi asibiti, in aure ya zo a tsaya masa, daga ƙarshe a sallame shi da jari ko a buɗe masa shago. Attajirai da yawa ta nan suka bi. Wannan tsari yana ba da abin da takarda ba ta bayarwa, wato sana'a da suna da amincewar 'yan kasuwa. Rauninsa shi ne komai ya rataya a kan halin mutum ɗaya da tsawon ransa. Idan maigida ya rasu kafin sallama, magada ba su san da wani alkawari ba. Idan aka sami saɓani a shekara ta tara, kalmar zargi ɗaya ta isa ta rushe komai, kuma sai dai shugabannin kasuwa su shiga tsakani a roƙa wa yaro wani abu. Alhali rubuta yarjejeniya a gaban shaidu ba baƙon abu ba ne ga mutanen da addininsu ya yi umarni da a rubuta bashi. Nauyin baki ne kawai ke hanawa, domin yaron da ya ce a rubuta ana ganin bai yarda da maigidansa ba.

Ƙasa da yaron shago akwai 'yar aiki, wadda ake kawowa daga ƙauye tana ƙarama, wata dillaliya na karɓar kuɗin a madadin iyayenta. Ba ta da lokacin tashi, ba ta da ranar hutu, kuma wurin aikinta gida ne da babu jami'in da zai shiga dubawa.

Gwamnati ta gwada miƙa hannu ga masu sana'ar kansu. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho da tela ko direba zai riƙa zuba abin da ya samu a lokacin da ya samu. Waɗanda suka shiga ba su taka kara sun karya ba, domin mai sana'a ya fi yarda da adashi, inda yake ganin uwar adashin da idonsa kuma ya san ranar kwasarsa.

Wurin da aka sami canji na gaske, ba tare da hayaniya ba, shi ne kotu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta wanzu tun 1976, amma gyaran tsarin mulki na uku da aka yi a 2010 ne ya ɗaga ta zuwa matsayin babbar kotu, ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'o'in aiki, ya kuma ba ta damar yin aiki da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Najeriya ta amince da su. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila ita ce mai kamfani na iya korar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba da sanarwa. Alƙalan wannan kotu sun yanke hukunce-hukunce da dama da ke cewa kora ba tare da ingantaccen dalili ba zalunci ce. Sun ba da diyya ga matan da aka ci zarafinsu a wurin aiki, kuma a wasu shari'o'in sun ɗora alhaki a kan kamfanin da ke cin moriyar aikin tare da ɗan kwangilar da ya kawo ma'aikacin. Kotun tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da wasu biranen Arewa.

Yawancin masu zuwa can manyan ma'aikata ne da ke iya ɗaukar lauya su jira shekaru. Amma ƙofar ba a rufe take ga na ƙasa ba, kuma rashin takarda bai soke haƙƙi ba. Dokar 1974 ta ce yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa ko a rubuce ko da baki, laifin rashin rubutawa kuma na mai ɗaukar aiki ne. Abin da kotu ke nema shi ne shaida. A da, wanda ake biya a hannu ba shi da abin nunawa. Yanzu da yawancin albashi ke bi ta banki ko ta OPay da Moniepoint, saƙon shigar kuɗi daga asusu ɗaya a kowane ƙarshen wata, da katin shaidar kamfani, da jadawalin aiki da aka turo ta WhatsApp, duk abubuwa ne da lauya zai iya ajiyewa a gaban alƙali. Wanda ya ji rauni a wurin aiki kuma doka ta ba shi kwana 14 ya sanar da shugabansa, da shekara ɗaya ya shigar da buƙatar diyya a NSITF.